Yadda ake auna taurin jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI

Bahaushe yana kiran abubuwa da yawa da suna jijiya: wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, wadda ke kai saƙon zafi da sanyi jijiya ce, haka ma wadda jini ke bi ta cikinta. Wadda wannan jagora ta shafa ita ce mai ɗauko jini daga zuciya zuwa ƙwaƙwalwa, irin wadda mutum ke jin bugunta idan ya ɗora yatsa a gefen wuyansa. An rubuta jagorar domin ma'aikatan ɗaukar hoto, da matasan likitoci, da ɗaliban da ke shirin bincike a Abuja da kewayenta, amma majiyyaci ko ɗan'uwansa da aka turo yin wannan awo zai samu abin da ya shafe shi, musamman a wajen shiri da fahimtar sakamako.

Zuciya ba ta kwararo jini a jere kamar ruwan famfo, tunkuɗo shi take yi kashi-kashi, sau sittin zuwa ɗari a minti guda ga babban mutum da ke hutawa. Idan jijiya tana da laushi, takan buɗe kaɗan ta karɓi tunkuɗar, sannan ta koma yadda take a hankali, ta yadda jinin zai isa ƙananan jijiyoyi a natse. Bambancin jijiya mai laushi da mai tauri kamar na fatar da aka jeme ne da wadda rana ta busar. Shekaru, da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da ciwon ƙoda duk suna lalata zaren da ke ba bangon jijiya laushi, sai mai tauri ya maye gurbinsa. Ƙwaƙwalwa tana cikin gaɓoɓin da wannan ya fi cutarwa, domin nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana karɓar wajen kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke fitarwa, kimanin mililita 750 a kowane minti, kuma hanyoyin jininta a buɗe suke dare da rana. Saboda haka duk bugun da manyan jijiyoyi suka kasa tausasawa yakan shige har cikin ƙananan, kuma an daɗe da ganin alaƙarsa da fararen tabon da ke fitowa a hoton ƙwaƙwalwar tsofaffi, da ƙananan toshewar da ba a ji lokacin faruwarsu, da raunin tunani da mantuwa.

Abin da ya kamata mai awo ya riƙe tun daga farko shi ne, na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ba ta taɓa bangon jijiya, ba ta kuma ganinsa da kyau a jijiyar da faɗinta bai wuce milimita uku ba. Halin jinin da ke gudu take gani, daga nan ake lissafo taurin bangon. Duk abin da zai sauya gudun jini a wannan rana, ko goro ne, ko firgita, ko karkacewar hoto, zai shiga cikin lambar da za a samu, ya yi kama da tauri alhali ba shi ba ne. Yawancin aikin da ke ƙasa na rufe waɗannan ƙofofi ne.

Mataki na farko: a tsayar da abin da za a auna

Hanyoyi uku aka fi bi, kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Ta farko ita ce ma'aunin hawa da saukar gudun jini, wanda a takardun asibiti ake taƙaita shi da harufan PI. Ana duba iyakar saurin jini lokacin da zuciya ta matse, da iyakar raguwarsa lokacin da ta saki, a raba tazarar da matsakaicin gudu. Wannan ma'auni ya girmi amfani da MRI a wannan fanni, domin da na'urar sauti ta Dofla aka fara shi, kuma tun 1982 da Rune Aaslid ya fito da hanyar auna jinin cikin kai ta gefen goshi ake amfani da shi a ƙwaƙwalwa. Shi ne mafi sauƙi, kuma shi nake ba duk mai farawa shawarar ya fara da shi.

Ta biyu ita ce saurin igiyar bugu, wato PWV. Kowane bugun zuciya yana tura wata igiya ta bi bangon jijiya, kuma tana gudu fiye da jinin kansa nesa ba kusa ba. Gwargwadon taurin bango, gwargwadon saurin igiyar. Wannan shi ne ma'aunin da aka fi yarda da shi a babbar jijiyar jiki, inda ake aunawa tsakanin wuya da matsematsi, kuma masana a Turai suka sa mita 10 a sakan a matsayin iyakar da ake fara damuwa idan an wuce ta. Sai dai wannan lamba ta babbar jijiyar jiki ce, kuskure ne babba a ɗauko ta a ɗora wa jijiyoyin cikin kai. Masu bincike a Jami'ar Umeå ta Suwidin da Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun nuna ana iya auna wannan sauri a cikin kai da MRI, amma aiki ne mai wuya saboda dalilin da za a gani a wajen lissafi.

Ta uku ita ce auna yawan buɗewar jijiya, wato a gano nawa jinin da ke cikinta ya ƙaru tsakanin sakin zuciya da matsewarta, a raba da tazarar hawan jini na sama da na ƙasa. A nan ana yi wa ruwan jinin da ke wuya alama da maganaɗisu kafin ya shiga kai, ba tare da allura ba. Wata ƙungiya a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya ta wallafa aiki a kan wannan hanya a 2015.

Akwai wani awo na MRI da ake girgiza kai a hankali domin a auna taurin naman ƙwaƙwalwa. Wannan dabam ne, bai shafi jijiya ba, kuma yana da kyau wanda ya rubuta takardar turawa ya bayyana wanda yake nufi.

Mataki na biyu: a tabbatar na'urar za ta iya

Ƙarfin maganaɗisun MRI da tesla ake auna shi. Wannan aiki yana buƙatar tesla 1.5 aƙalla, tesla 3 kuma ta fi kyau ga jijiyoyin cikin kai. A wurare da dama a ƙasar nan ana samun na'urori masu ƙarfin da bai kai rabin tesla ba, waɗanda suke da amfani wajen hoton baya da gwiwa amma ba za su ba da lambar da za a dogara da ita a nan ba. Ƙananan jijiyoyin da ke nutsawa can cikin naman ƙwaƙwalwa kuwa, da na'urar tesla 7 aka fi auna su, kamar yadda ake yi a asibitin jami'a na Utrecht a ƙasar Holan, saboda haka kada a yi wa kowa alkawarin su da na'urar yau da kullum.

Kafin a sa rana, a tambayi cibiyar abu uku: ƙarfin na'urarta, ko an buɗe mata tsarin auna gudun jini tare da bin bugun zuciya, da kuma ko akwai manhajar da za ta fitar da lambobi daga hoton. Sau da yawa na'urar tana da ƙarfin amma ba a sayi lasisin manhajar ba, sai a ɗauki hoto mai kyau a rasa mai karanta shi. Idan awon na bincike ne, sai an samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, an kuma karɓi yardar kowane mutum a rubuce bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji.

Mataki na uku: shirya wanda za a auna

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne kuskure ya fi arha a gyara. Sinadarin kafin da ke cikin kofi da shayi da lemon ƙara kuzari yana tsuke jijiyoyin ƙwaƙwalwa, har yakan rage jinin da ke shiga da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma jiki yana ɗaukar wajen awa biyar kafin ya rage rabinsa. Takardun shiri da aka kwafo daga waje kofi suke ambata, shi ya sa dattijo zai amsa da gaskiyarsa cewa bai sha kofi ba, alhali ya ci goro biyu a mota tun daga Keffi. Goro yana ɗauke da wannan sinadari sosai. Dole a ambace shi da sunansa, tare da shayi, da taba sigari, da shisha, da tabar da ake shaƙa ko ake sawa a leɓe. Ƙa'idar da aka saba bi a awon taurin jijiya ita ce a bar su duka, tare da abinci mai nauyi, na awa uku aƙalla, amma ga ƙwaƙwalwa ya fi kyau a bari tun daren jiya. Akwai wani juyi a nan: wanda ya saba da goro kullum, idan ya bar shi kwana ɗaya ko biyu, jijiyoyinsa sukan buɗe fiye da yadda suka saba, abin da ke kawo ciwon kan da masu goro suka sani a farkon azumi. Don haka a rubuta yawan abin da mutum ke ci a rana da lokacin da ya ci na ƙarshe, kuma idan za a kwatanta awo biyu, kada ɗaya ya faɗo cikin watan Ramadan, ɗayan kuma a wajensa.

Maganin hawan jini ba a daina shi saboda wannan awo sai da umarnin likitan da ya rubuta shi. Abin da ake so kawai shi ne a rubuta sunan maganin da sa'ar da aka sha.

Wanda ya taso daga Jos da asuba ta hanyar Akwanga, ko ya sha cunkoson Mararaba da Nyanya, yakan iso da bugun zuciya a sama da jiki a ɗaure. A ba shi wuri ya zauna, ya yi fitsari idan yana ji, sannan ya kwanta rigingine na minti goma cikin shiru kafin a fara auna komai.

Mataki na huɗu: binciken ƙarfe

Maganaɗisun tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun duniyar nan wajen sau dubu talatin, kuma a kunne yake ko da yaushe. Ko an ɗauke wuta, ko na'urar ba ta ƙara, yana nan da ƙarfinsa, domin wayarsa tana cikin sanyin ruwan hiliyam da ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri. A tambayi mutum, da ɗan rakiyarsa idan zai shiga, ko an sa masa na'urar daidaita bugun zuciya, ko matsin ƙarfe a jijiyar kai bayan tiyata, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko akwai harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa. Masu walda da maƙera da masu gyaran mota a tambaye su musamman ko tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsu. Duk abin da aka dasa a jiki, ba a shiga sai an ga takardarsa an tabbatar ya dace da ƙarfin wannan na'ura.

Sai abin da ake cirewa: agogo, waya, makullai, katin banki, zobe, 'yan kunne, fil ɗin da ke riƙe hijabi ko ɗankwali, ƙarafan kitso, haƙoran roba masu maƙalar ƙarfe, da laya ko guru, tun da ba a san abin da aka ɗinke a ciki ba. Kwalli ma a wanke shi, domin wani yana ɗauke da ƙarfe kuma yakan ɓata hoton da ke kusa da ido, daidai inda jijiyar wuya ke lanƙwasa ta shiga kai. Kyautatuwa ne mace ma'aikaciya ta yi wa mata wannan bincike a keɓe, a kuma ba su hular asibiti su rufe kai. A tambayi mace ko tana da juna biyu. Duka hanyoyin nan uku ba sa buƙatar allurar rini, kuma MRI ba ta amfani da hasken da ake amfani da shi a hoton ƙashi.

Mataki na biyar: kwanciya, bugun zuciya da hawan jini

A kwantar da mutum rigingine, a toshe masa kunne domin ƙarar na'urar takan wuce desibel 100, a tallafe kansa da soso ta gefe biyu kafin a kifa kwalkwalin karɓar hoto. A ba shi ƙwallon kiran gaggawa a hannu. Maganar da ma'aikaci zai yi a nan tana cikin awon, ba gaisuwa ba ce kawai: "Baba, za ku ji ƙara kamar ana ƙira, ba abin tsoro ba ne. Ku yi numfashi yadda kuka saba, kada ku riƙe shi, kada kuma ku motsa kai. Idan kun ji ba daɗi ku matsa wannan, muna jinku." Dalilin jan hankali a kan numfashi shi ne, iskar da muke fitarwa ita ce ta fi kowane abu juya jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Mai firgita da ke haki yana zubar da ita da yawa, jijiyoyinsa su tsuke, wanda barci ya ɗauka kuwa takan taru masa su buɗe. A roƙe shi ya zauna a farke.

Na'urar tana buƙatar sanin lokacin kowane bugu domin ta jera hotuna bisa zagayen zuciya. Ana yin haka da wayoyin ƙirji ko da matsin yatsa, wato ɗan abin da ake maƙala wa yatsa ya riƙa jin bugu. Matsin yatsa ya fi sauƙi kuma ya wadatar ga ma'aunin hawa da sauka, amma ɗakin yana da sanyi ƙwarai, yatsa mai sanyi kuma ba ya ba da alama mai kyau, balle a lokacin hunturu. A rufa wa mutum bargo, a duba alamar a allo ta daidaita kafin a fara. Jan farce da lalle mai duhu a kan yatsa sukan raunana ta, sai a koma wani yatsan. A zaɓi tsarin da ke ɗaukar dukan zagayen bugu sannan ya jera hotunan daga baya, domin ɗayan tsarin yakan yanke ƙarshen sakin zuciya, inda mafi ƙarancin gudu yake.

A auna hawan jini yana kwance, kafin awo da bayansa, ko a tsakiya idan akwai ma'aunin da ya dace da ɗakin. Jijiya tana ƙara tauri nan take idan matsin cikinta ya hau, saboda haka lambar tauri da ba ta zo da hawan jinin lokacin ba rabin labari ce.

Mataki na shida: taswira da wurin yanka

Ana fara da hoton taswirar jijiyoyi, wanda ke haska jini mai gudu ba tare da allura ba. A cikinsa za a ga jijiyoyin wuya biyu na ciki, da ta ƙeya wadda jijiyoyi biyu suka haɗu suka yi, da zoben da ke haɗa su a gindin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira da sunan Thomas Willis, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1664. A duba taswirar da kyau, domin a mutane da yawa zoben bai cika ba, kuma idan akwai tsukewa ko kumburi a wata jijiya, wannan ya fi lambar tauri gaggawa, sai a sanar da likitan hoto nan take.

A kan taswirar ake ɗora yankan awo. Wuraren da aka saba su ne jijiyar wuya kafin ta shiga ƙoƙon kai, da bayan lanƙwasarta, da farkon jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa a kowane gefe, da ta ƙeya. A nemi miƙaƙƙen wuri nesa da mararraba, a sa yankan ya gicciye jijiyar daidai, a duba ta fuska biyu. Karkatar digiri 20 tana rage saurin da aka auna da wajen kashi 6 cikin 100, tana kuma sa da'irar jijiya ta koma kamar ƙwai. Ɗigon hoto ya zama ƙarami, kusan rabin milimita, domin jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa wajen milimita uku ce, kuma idan ɗigo biyu ko uku kaɗai suka rufe faɗinta, naman gefe zai gauraya da jini ya ɓata lissafi. Kowane yanka yana cin minti ɗaya zuwa uku. Akwai tsarin da ke ɗaukar dukan jijiyoyin kai lokaci guda, a zaɓi wuraren awo daga baya a kwamfuta, wanda ke cin minti biyar zuwa goma ko fiye, kuma shi ake buƙata idan saurin igiya ake nema.

Mataki na bakwai: iyakar gudu

Na'urar tana gane sauri ne ta yadda alamar jini mai motsi ke juyawa, kamar hannun agogo, gwargwadon gudunsa. Ma'aikaci ne ke gaya mata saurin da zai yi daidai da rabin zagaye, kuma a allo an rubuta wannan da harufan VENC. Idan jini ya wuce wannan iyaka, hannun yakan zarce ya ɓullo ta ɗayan gefen, sai tsakiyar jijiya ta fito kamar jinin yana komawa baya. Idan kuma aka ɗaga iyakar da yawa don gudun haka, raguwar gudu a lokacin sakin zuciya takan nutse cikin hayaniyar hoto. A manyan jijiyoyin kai na babban mutum ana farawa tsakanin santimita 80 da 120 a sakan, a duba hoton nan take, a sake idan an ga zarcewa.

A ƙasarmu akwai dalilin ƙarin kula, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da amosanin jini. Ƙarancin jini yana sa gudunsa ya ƙaru ƙwarai, kuma a yara masu wannan ciwo, matsakaicin gudun da ya kai santimita 200 a sakan a awon Dofla alama ce ta haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ga irin waɗannan sai an ɗaga iyakar sosai. Awon MRI kuma bai maye gurbin awon Dofla da ake yi musu a kai a kai ba.

Mataki na takwas: lissafi

A manhaja ana zagaye jijiyar a kowane hoto na zagayen bugu, a gyara da hannu inda manhajar ta kauce. Sannan a zaɓi naman da ba ya motsi kusa da jijiyar a tabbatar na'urar ta ba shi sifiri, idan ba ta ba shi ba a cire bambancin. Kafin a ci gaba, a tara jinin jijiyoyin wuya biyu da ta ƙeya. Idan jimillar ta yi nisa ƙwarai da mililita 600 zuwa 800 a minti a baligi mai lafiya, a fara zargin awon kafin a zargi mutumin.

Ga misali na koyo, ba na wani majiyyaci ba. Idan iyakar gudu santimita 70 ce a sakan, mafi ƙaranci 30, matsakaici 45, tazarar 40 ce, a raba da 45 a samu 0.89. Idan wani ya ba da 80 da 20 da matsakaici 40, tazarar 60 ce, sakamakon 1.5, wato jininsa yana zuwa da ƙarfi ya kuma janye da yawa, halin jijiyar da ba ta tausasa bugu. Idan an auna wuya da cikin kai, a raba lambar wuya da ta ciki domin a ga yawan bugun da hanyar ta shanye.

Saurin igiya kuwa tsawon hanya ne a raba da jinkirin isowar bugu. A ce tsawon jijiya tsakanin wurare biyu, bisa bin lanƙwasarta ba miƙaƙƙen layi ba, santimita 15 ne, jinkirin kuma milisakan 20 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), saurin ya zama mita 7.5 a sakan. To ga inda gizo ke saƙa. Mai bugu 60 a minti zagayensa milisakan 1000 ne, idan aka raba shi hoto 30, tsakanin hoto da hoto milisakan 33 ne, wato ya fi jinkirin da ake nema tsawo. Kuskuren milisakan biyar kacal zai mayar da amsar mita 10 ko mita 6. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa dogara da wurare biyu, sukan ɗauki ɗaruruwan wurare a tsawon jijiyoyi su bar lissafi ya fitar da saurin da ya fi dacewa da duka. A ganina, duk rahoton da ya kawo saurin igiya a cikin kai daga yanka biyu kawai, ba tare da faɗin tazarar lokacin hotunansa ba, bai cancanci a gina hukunci a kansa ba.

Yawan buɗewa ya fi sauƙin lissafi. Idan jinin cikin jijiya ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, hawan jini kuma 130 bisa 80, tazarar 50 ce, amsar ita ce kashi 0.2 cikin 100 a kowane ma'auni ɗaya na hawan jini. Rauninsa shi ne a damtse aka auna matsin, ba a cikin kai ba.

Mataki na tara: karanta sakamako da rubuta shi

Babu wata lamba da likitoci suka haɗu a kanta a matsayin iyakar lafiya ga jijiyoyin cikin kai a awon MRI, kuma har yanzu awon ya fi zama na bincike. Lambobin MRI sukan yi ƙasa da na Dofla a mutum ɗaya, domin MRI tana haɗa bugu da yawa ta fitar da matsakaici, saboda haka ba a gwada na wannan da ma'aunin wancan. Abin da ya fi amfani shi ne kwatanta mutum da sa'anninsa da aka auna a na'ura ɗaya da tsari ɗaya, ko kwatanta shi da kansa bayan wani lokaci.

Kafin a ce jijiya ta yi tauri, a kawar da sauran dalilai. Jinkirin bugun zuciya yana ɗaga ma'aunin hawa da sauka, haka ma yoyon ƙofar zuciya da jini ke fita ta cikinta, da hauhawar matsi a cikin ƙoƙon kai. Tsukewar jijiya a wuya kuwa tana rage shi a can gaba, har mai matsala ya fito da lamba mai kyau. Wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya a jere, hotunansa ba sa jeruwa daidai, kuma gara a rubuta cewa awon bai yiwu ba da a ba shi lambar da ba ta da tushe. A karanta lambar tare da hoton naman ƙwaƙwalwa, inda ake auna fararen tabo da matakin Fazekas daga 0 zuwa 3.

Ga majiyyaci da iyalinsa, lamba mai yawa ba ta nufin mantuwa ta kama shi ko shanyewar ɓarin jiki ta ƙarato. Abin da likita zai duba bayanta su ne abubuwan da ake iya juyawa: hawan jinin da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, suga, kitsen jini, taba, yawan gishiri da dunƙulen miya, da rashin motsa jiki.

Rahoton ya ƙunshi ƙarfin na'ura da samfurinta, hanyar da aka bi, wuraren yanka, girman ɗigo, iyakar gudu, yawan hotuna a zagayen bugu, abin da aka bi bugun da shi, bugun zuciya da hawan jini a lokacin, sa'ar awo, magunguna, da lokacin goro ko shayi na ƙarshe. A adana hoton allon da ke nuna inda aka ɗora kowane yanka, a kuma ba majiyyaci ainihin hotunan a faifai ko filashi, ba takardar rahoto kaɗai ba. Idan za a maimaita bayan shekara, a dawo wannan na'ura, a wannan sa'a ta yini, a buɗe tsohon hoton allon a gefe a ɗora yankan daidai inda aka ɗora na farko.